Rijiyar Hayaƙi

Shekara arba'in ina haƙa rijiya a Bajoga,
gaba goma sha biyu, gaba ashirin,
duk ramin da na shiga don a ɗebo ne.
Yau Hajjo ta dawo daga jami'a
ta ce akwai rijiyar da ake haƙawa don a zuba.

Na ce, a zuba me?
Ta nuna bututun kamfanin siminti da haɓa.
Ta ce, hayaƙi, Baba.
Ba ma baƙin da kake gani ba,
wata iska ce a cikinsa, ba launi, ba wari,
ita ke lulluɓa wa duniya bargo a tsakiyar bazara.

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.
'Yata za ta ɗaure iska da igiya!

Ta ɗauko kwalbar lemo, ta girgiza, ta miƙo min.
Ka ga tana ciki, ta yi lamo?
Haka za a tace ta a bakin bututu
yadda Inna ke tace gasara,
a matse ta har ta koma kamar ruwa,
a tura ta can inda guganka bai taɓa zuwa ba,
cikin dutse mai ƙananan ƙofofi kamar soso,
wani dutsen a sama ya zama murfi.

Na ce, in murfin ya tsage fa?
Ni na san iskar rami.
Ita ta kashe min fitila a Tongo,
ita ta ɗauke Garkuwa, abokin haƙata,
muka jawo shi ba ko ƙwarzane a jikinsa.

Hajjo ta daɗe tana kallon ƙasa.
Ita ce, Baba. Ita ɗin ce dai.
Shi ya sa sai jikoki sun yi gadinta,
kuma mai biyan kuɗin aikin
har yanzu ban ji sallamarsa ba.

Da daddare na fito tsakar gida.
Can kwal ɗin Maiganga yana ci,
abin da ƙasa ta ɓoye tun kafin kakanni,
mun tone, mun hura.
Ajiya muka taɓa.
In yarinyar nan za ta mayar da ko numfashinta ne,
ni zan riƙe mata igiya.

Kwalbar tana kan taga, ban buɗe ba.
Da asuba na kara kunne a bakin murfin,
in ji ko tana tsiyaya.