Masu Malafa

Shagona taku uku ne a bakin tashar Kaltungo:
kwamfuta ɗaya, igiyoyin caji kamar saiwar gamji.
Ina zuba wa mutane waƙa a kati.
Samari na son kiɗan da ke girgiza gilashin mota.

Baba Yila sai ranar kasuwa yake zuwa,
ya jingine keke, ya kwance katinsa daga ƙullin leda:
"Akwai sabo na masu malafa?"

Haka yake kiransu, Turawan nan masu jita,
hula mai faɗin faifai, takalmi har ƙwauri,
tsaye a gona ko a bayan a-kori-kura,
suna rera abin da ni da na gama sakandare
ba na kama rabinsa.

Shi yana kamawa.
Shekara talatin da ɗaya ya ja babbar mota
tsakanin Gombe da Numan,
kaset ɗinsu ne abokin hirarsa in dare ya raba.
"Wannan matarsa ta tafi," in ji shi,
tun mawaƙin bai buɗe baki ba.
"Ka ji yadda ya taɓa tsirkiyar ƙasa?
Wanda ya kwana lafiya ba ya taɓa ta haka."

Na nuna masa na bana.
Wata yarinya ita kaɗai a ɗakin da babu ko kujera,
ruwa na dukan taga, murya siririya kamar zare.
Ya kalla sau uku. Ya ce a zuba.
Na nuna masa masu dogon gashi da jitar lantarki,
hayaƙi, walƙiya,
mai ganga kamar yana sussukar dawa.
Ya yi dariya har da tari:
"Salansa ta fashe, amma injin lafiya lau."
Wannan ma ya ce a zuba.

Ƙorafinsa ɗaya ne,
masu ɗaukar hoton yanzu ba su da haƙuri.
Kafin ka ga inda yatsa ya sauka
sun kai ka bakin kogi, sun cilla ka sama,
sun dire ka gaban wata mota.
"Su bar ni da hannun mana.
Hannun nake kallo."

Wata Laraba na bi shi gida da canjin da ya manta.
Ashe akwai jita a bayan ƙofa,
cikinta ya tsage an ɗaure da salatif,
tsirkiya huɗu, ta biyar wayar birkin babur ce.
Ya kifa turmi ya zauna,
dutsen Kilang na leƙowa ta saman zana.
Ya fara da Tangale, ya gangaro Hausa,
waƙar yaron motarsa, Lamela,
wanda zazzaɓi ya ɗauke a hanyar Cham
da kuɗin ɗinkin Kirsimeti a aljihu.

Na ɗaga waya ban tambaye shi ba.
Akuya ta ratsa gabansa, ban yanke ba.
Jikarsa Liyatu ta fito ɗaukar tsintsiya,
ta tsaya da ita a hannu.
Minti shida numfashina a maƙale,
na bar idon wayar a kan hannun.

Tun daga ranar, duk katin da ya shigo shagona
sai na cusa shi a ciki, kyauta, ban faɗa ba.
Wasu sun goge. Wani ya dawo yana faɗa.
Sai ga wata mata daga Billiri, da garin masara a gefen zani,
ta ce wa ya rera wannan?
Lamela ƙanin mahaifiyarta ne.
Ba su san akwai mai kiran sunansa ba har yau.

Ranar kasuwa Baba Yila ya jingine keke.
Na ce akwai sabo, na juya masa kwamfuta.
Ya matso da fuska, ya yi shiru har akuyar ta wuce.
"Tsohon nan yana sauri a baiti na biyu," in ji shi.
Ya goge ido da bakin hula.
"Kuma ba shi da malafa.
Amma a zuba."