Om Takwas a Rebolo

Kakana Eulogio ba ya jin bugun ƙofa,
ba ya jin kiran mai tallar kifi,
amma ya san lokacin da amfilifaya ke shan wuya.
Tafin hannu yake ɗora mata a baya,
yadda ake taɓa goshin yaro da tsakar dare.

Shagonmu yana Rebolo, cikin Barranquilla,
inda iskar kogin Magdalena ke kawo warin laka
ta cakuɗa shi da ƙaurin dalma.
Lasifika huɗu a kan benci, baki sama,
kamar kwanuka masu jiran miya.
Inci goma sha biyar kowacce, om takwas a rubuce.
Akwatinsu ni na yanka katakonsa,
ƙanena ya zana damisa a gaba,
ido ɗaya ya fi ɗaya girma.

Na ce: Kaka, mu jera su kafaɗa da kafaɗa,
ja da ja, baƙi da baƙi,
ƙara ta kai har gada.

Ya ce: Lissafa.

Takwas da takwas, kafaɗa da kafaɗa, huɗu.
Huɗunsu gaba ɗaya, biyu.
Ya juya amfilifayar, ya bi rubutun da farce:
ba ta ɗaukar ƙasa da huɗu.

Na ce biyu ai ƙaramin kaya ne.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Nayibe, kin ga titin nan in an tafka ruwa?
Ba abin da ke tare shi,
shi ya sa yake tafiya da motocin mutane.
Haka wuta take. Ki rage mata turjiya, ta ɓalle,
kuma kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Sai ya ɗauko labarin da na ji sau ashirin:
daren biki, titi ba masaka tsinke,
wani yaro mai gaggawa ya ƙara lasifika biyu a ɓoye
don ya danne kiɗan unguwar gaba.
Minti bakwai, ƙasa tana girgiza.
Sai hayaƙi. Sai shiru.
Masu rawa suka tsaya, ƙafa ɗaya a sama,
aka ji kukan kare daga can bakin kogi.

Bai taɓa faɗin sunan yaron ba sai yau.
Wilfrido, in ji shi, yana kallon waya.
Ubana.
Wanda ya tafi Maracaibo ina goye,
ya aiko kati sau biyu.

Na kunna ƙarfen dalma, ban ce komai ba.
Hannunsa rawa yake yi yanzu, nawa ne mai aiki.
Biyu bi-da-bi, wutsiya a bakin kai: sha shida.
Sauran biyun, sha shida.
Na haɗa layukan kafaɗa da kafaɗa,
muka dawo takwas, inda muka faro.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mita ta ce shida da 'yan kai.
Na ɗaga masa ita, gabana ya faɗi.
Ya ce: haka take faɗi in suna barci.
Bari kiɗa ya taso, takwas ɗin nan ba ta zama,
a wata murya ta hau, a wata ta sauka.
Don saukar muke barin rara.

Magariba ta yi. Na murɗa maɓalli kaɗan-kaɗan.
Ruwan kofi ya fara kyarma,
kusoshi suka yi tattaki a kan benci,
maƙwabciyarmu Rosaura ta leƙo da ludayi tana faɗa,
ƙugunta bai yarda da bakinta ba.

Ya ce: Tana yi?
Na gyaɗa kai.

Waƙa uku ya bari suka wuce,
sannan ya kama hannuna ya ɗora a bayan ƙarfen.
Ɗumi, kamar burodin safe.
Ya ce: Riƙe wannan.
In ya wuce haka, kashe, ko da titi ya cika.