Inda Hoton Ya Ce Tudu Ne

Ƙarfe ukun dare a Beira, janareta na tari.
Graciete ta ɗora hoton jiya a kan na makon jiya.
Tauraron ɗan'adam ba ruwansa da hadari,
huda shi yake kamar allura a auduga,
ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya jira amsa.
Busasshiyar ƙasa takan amsa, sai ta fito fari-fari.
Ruwa ba ya amsa sallama,
shi ya sa yake fitowa baƙi.

Kogin Buzi, da makon jiya zare ne,
yau ya zama tabarma.
Ta bi bakinsa da jan layi a hankali
kamar mai kalmasa gefen zane.
Gonakin shinkafa sun shiga ciki.
Makaranta ta shiga, sai rufin kwanonta,
ɗigo ɗaya, ƙwayar gishiri a gindin tukunya.

Da asuba masu kwalekwale za su zo karɓar takardar nan.
Inda ta ja layi, can za su ƙona mansu.
Inda ba ta ja ba, sai wani jiƙon.

Unguwarsu, can ƙarƙashin kwakwa da mangwaro,
ta fito fara tas. Na'ura ta ce tudu ne.
Ta sauke numfashi, ta kai hannu ga shayin da ya huce.
Sai waya.
Kawu Zefanias, murya na tsinkewa:
"Muna kan tebur... akuya na wuyan Ilidio...
ya kai ƙugu... caji saura kaɗan."

Ta sake duban farin nan.
Ashe ganye ne ya rufa wa ruwa asiri.
Daga sama bishiya bishiya ce,
ko gindinta na cikin yashi ko yana cikin ambaliya.

Ta goge layin. Hannunta ya yi rawa sau ɗaya.
Ta ja sabo, ya zagaye mangwaron da ya taɓa kayar da ita,
ya zagaye rijiya, ya haɗa da kabarin uwarta.
A gefe, inda ake rubuta tushen bayani,
ta sa: wayar Kawu, uku da kwata.

Sannan ta zauna, ta ƙura wa sauran farin ido,
duk inda itatuwa suka yi cincirindo a bakin kogi,
ƙauyuka bakwai, ko takwas,
waɗanda ba ta da kawu a cikinsu.