Gado na Biyu

A gidanmu da ke kan tudun Barón
akwai gado biyu.
A ɗaya muke kwana.
Ɗayan kuwa, kowace safiya sai na yamutsa zanensa,
in lotsa matashin da gwiwar hannu,
ko da wani zai leƙo.
Shekara goma sha tara ke nan.
Ba wanda ya taɓa leƙowa.

Ni mai gyaran agogo ne a Valparaíso.
Na san ɗan haƙorin da in ya karye
lokaci ke tsayawa cak.
Nawa ya tsaya ina ɗan shekara goma sha ɗaya,
ranar da mahaifina ya hango wani mutum ta taga,
ya tofar da wata kalma,
ya goge baki, ya ci gaba da shan romon kifinsa.
Ba da ni yake ba.
Ni na sunkuya na tsince ta, na haɗiye.

Ya rasu tuntuni. Doka ma ta canza,
maza biyu kan je ofis su sa hannu,
har a watsa musu shinkafa a bakin ƙofa.
Amma tsohon bai tafi ba.
Ya tare a ƙirjina, ba ya biyan haya,
ƙarfe uku na dare yake fara magana,
kuma da muryata yake yi.

Ƙazami, in ji shi.
Sai in tashi in wanke hannu.
In sake wankewa.
Jiragen ruwa na kuka can ƙasa a tasha,
Baltasar na minshari kamar wanda ba a bin sa bashi,
ni kuwa ina jin haushin barcinsa,
ina jin haushin kaina da nake son sa.

A sanyin Yuli ya yanke jiki ya faɗi a kan matakala.
A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗaga biro:
“Mene ne tsakaninku?”
Yarinya ce, ba ruwanta, gurbi kawai take son cikewa.
An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ni na ɓoye.
Na ce, “Maƙwabcina ne.”

Idonsa a rufe yake, amma ba barci yake ba.
Bai taɓa tayar da zancen ba.
Da ya zage ni, da na samu sauƙi.

Ranar Talata nake zuwa wurin Dakta Ilabaca.
Rabin ƙwaya da daddare, kujera mai ƙara,
akwatin takardar share hawaye da nake yi wa kallon raini.
Wata huɗu ina ba ta labarin rashin barci
kafin in furta sunansa.
Ba ta ko ɗaga gira ba.
Ta ce, “Wannan alƙalin da ke cikinka,
wa ya naɗa shi?”
Na buɗe baki, sai na ji warin romon kifi.

Ban warke ba, kada in yi ƙarya.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Jiya ma a kasuwa ya taɓa kafaɗata,
jikina ya janye kafin in ba shi izini.

Amma ran Asabar na kira mai sayen tsofaffin kaya.
Mu uku muka sauko da gadon, mataki tamanin da shida,
ya taya shi da arha, na sallama.
Ya ce, “Kamar ba a taɓa kwana a kai ba.”
Na ce, “Ba a taɓa ba.”
Muryata ta yi rawa, amma tawa ce.

Yanzu ɗakin wayam,
sai tabo huɗu a daɓe inda ƙafafun suka tsaya.
Baltasar na son ya sa tukwanen tumatir a wurin.
Ƙarfe uku na dare har yanzu ina farkawa.
Tsohon na gyaran murya.
Ni kuma in lalubi hannun da ke kusa da ni,
in ƙirga bugun jininsa
kamar yadda nake sauraron agogon da na gyara,
in ji ko zai ci gaba da tafiya.