Saƙar Zuma a Salansa

Shekara shida ke nan, wata Laraba,
Hammayo ya kawo motarsa garejina, bayan Tashan Dukku,
'yar Beljiyam mai shan dizal, ruwan toka,
tana tafe tana noƙewa kamar wadda ake bi bashi.
Ya ce, "Oga Tinau, hawan Tumfure ya gagare ta,
na kai ta wuri uku, kowa ya leƙa sai ya ja tsaki."

Na shiga ƙarƙashinta da tocila a haƙori.
Can tsakiyar salansa akwai wata tukunya,
cikinta saƙa irin ta zuma, ramuka ba adadi,
an yi ta ne don ta riƙe baƙin da inji ke tofarwa.
Man namu ya cushe ta, ta kasa numfashi.
Na ce, "Wannan ta ƙasarsu ce, nan ba ta da aiki."

Na kira yarona Jibir, bai fi sha huɗu ba lokacin,
na miƙa masa rodi da guduma.
Ya kirɓa ta kamar mai dakan kanwa,
garin ya zubo, ya tara a robar fenti,
'yan gwangwan suka saya, muka ci tsire da kuɗin.
Na yi walda, na shafe ɗinkin da baƙin mai.
Mota ta haye Tumfure ko tari babu,
ta bar mana hadari a ƙofa, ba na ruwa ba, na hayaƙi.

Bayanta na yi wa arba'in, ko sun fi,
har aka laƙaba mini Likitan Saƙa.
Adda Dudu mai awara a bakin garejin
ta koma rufe tirenta da leda biyu,
wai da safe awararta fara ce sol, kafin la'asar ta sa kwalli.
Muka yi ta dariya.
Tarin da take yi tsakanin juyi da juyi
na ɗora shi kan ɗanyen itace da yajin girki.

Bana aka ce duba mota ya sake salo.
An daina leƙa taya a ce danna ham,
kunna sigina, je ka abinka.
Wata na'ura ce yanzu mai dogon hanci,
a zura shi a salansa, a ce taka totur,
lambobi su hau allo suna tsere.
Ba ta san ɗan wane ba, kuma ba aljihu a jiki.

Hammayo ya ce in raka shi, ai ni ne likitanta.
Muka bi layi tun hantsi.
Da aka zo kanmu, mai riƙe da hancin,
farar riga, baƙin wando, ya ɗago kai.
Jibir ne, har ya tara gemu.
Ya rusuna, "Oga, ina gajiya?"
Sannan ya durƙusa inda ya taɓa durƙusawa,
ya bi ɗinkin waldata da ɗan yatsa.
Bai tambaya ba. Ya fi kowa sanin abin da babu a ciki.

Allo ya yi ja.
Hammayo ya kai hannu aljihu, Jibir ya kau da kai.
"Sati huɗu ne, Baba. A mayar da abin da aka cire."
Aka cire, in ji shi. Bai ce ni ba, bai ce shi ba.
Da ya zage ni a gaban layin nan
wallahi da ya fi mini sauƙi.

Sabuwar tukunya kuɗin saniya ce da maraƙi.

Na buga Kano, na buga Legas, ana cigiya.
Jiya na tsaya wurin Adda Dudu, 'yarta na tarar kan kasko.
"Tana gida. Ƙirjin ne ya tashi."
Na sayi ta ɗari biyar, na kasa kaiwa baka,
na zauna kan tsohuwar taya ina jujjuya ta,
ina ƙirga ɗigon baƙin da ke gefenta,
ina ƙirga arba'in ɗin nan, ko sun fi,
kowace tana kan wani titi a yanzu haka.
Rodin kuwa yana nan jingine da bango,
ko lanƙwasa bai yi ba, yana jiran aiki.