Mai Goge Tabo

Shagona yana bakin ƙofar Kongo,
tsakanin mai fotokofi da teburin shayi.
Ɗalibai kan shigo suna gyara wuyan riga,
"Fasfo takwas, Sallau, amma ka gyara ni."
In danna nan, in shafa can,
kurji ya ɓace, tabo ya gudu,
kafin shayin Tanimu ya huce
na fitar da fuskar da uwarta ba ta haifa ba.

Wanzami dai ba ya son jarfa.
Tawa fuskar bayan kyamara take kwana,
kumatu kamar gonar dankali bayan haƙa,
goshi dabbare-dabbare,
sawun kurajen da na matse ina aji uku
da farcen da bai san gobe ba.

Me ban shafa ba?
Lemon tsami da kanwa, man goge baki,
wani mai a kwalba marar suna
daga wani lungu a kasuwar Sabon Gari.
Ya koɗar da ni kamar tsohuwar atamfa,
tabon kuwa ya gyara zama, ya ƙara baƙi.

Na hau mota a Kwangila zuwa Shika,
na bi layi har azahar.
Dakta Baraka ba ta yi mamaki ba.
Ta juya haɓata wajen taga
kamar mai duban tsaga a jikin ƙwarya,
ta rubuta suna mai wuyar faɗi, tiretinoyin,
ta ce:
"Da dare kawai. Ka wanke, ka bari ta bushe.
Kamar ƙwayar wake, kada ka ƙara.
Da farko ka riƙa tsallake kwana biyu.
Nesa da ido, nesa da gefen baki.
Da safe man kariya, rana ba ƙawarka ba ce.
Zai ɓaci kafin ya gyaru.
Ka dawo bayan wata uku."

Wata uku!
Ni da ke gama fuska a minti uku.

Mako na biyu fata ta fara saɓa,
ruwan alwala ya koma barkono,
sababbin kuraje suka zo mini sannu da zuwa.
Tanimu ya leƙo, ludayi a hannu,
"Wa ya watsa maka garin rogo?"
Na sayi hana-salla,
na riƙa bin inuwar dalbejiya
tun daga Tudun Wada har shago.
Sau biyu ina tsaye a kan gada
na ciro maganin zan bai wa Kubanni.

Yayata Hansatu, cikinta wata biyar,
duhu ya sauka a kumatunta,
ta gan shi a kan taga, ta miƙa hannu.
Na ce, "A'a, Yaya. An ja mini kunne,
ba ya shiri da mai juna biyu."
Ta harare ni, ta ce rowa ce.
Na ɗauki rowata na sa aljihu.

Babu ranar da zan nuna in ce ita ce.
Masara ba ta tsawo a gaban mai kallonta.
Sai wata safiya ina gwada fitila,
na zauna a kujerar baƙi, na ɗauki kaina.
Na jera shi da na bara:
baƙin ya koma ruwan ƙasa,
ruwan ƙasan ya kusa zama ni.
Ramukan gefen kunne suna nan daram,
likita ta ce su aikinsu daban ne.

Hannuna ya tafi wajen gogewa, don sabo.
Ya tsaya.
Na buga shi yadda yake, guda takwas,
na bi da almakashi.

Jiya wani ɗan ajin farko ya shigo,
kansa a ƙasa, tafinsa a kunci.
Ya ce in goge. Na goge, sana'a ce.
Da zai fita na rubuta masa a bayan ambulan:
Shika, sashen fata.
Ka yi sammako, akwai layi.