Ɓeran Baba Ɗayyabu

A Gadarif, bayan rumbun riɗi,
kwamfutar Baba Ɗayyabu ba ta san hoto ba.
Baƙin allo, farin rubutu,
sai ɗan ɗigo yana ƙifta ido a kusurwa.

Shekara bakwai yana sake buga lambobin buhuna
da yatsa ɗaya.
In sifili guda ya zame masa,
wani manomi ya kwana da fushi.

Ran Laraba na zo da ɓera a aljihu,
na kanti, ba na rumbu ba.
Na soka wutsiyarsa a bayan akwatin,
na rubuta umarni layi uku.
Shiru.
Ashe sunan ƙofar na ɓata.
Na gyara, sai wani farin tabo ya motsa.

"Danna hagu, ja. Ka ga sun haske?
To, danna na tsakiya."
Lambobi goma sha biyu suka diro ƙasa,
ko ɗaya ba ta ɓace a hanya ba.

Ya daɗe yana kallon yatsansa.
Can ya ƙwala wa mai jabana kira:
"Finjali biyu!
Yau ɓera ya shigo rumbu ya yi mini aiki,
bai taɓa ko ƙwaya ba."